Gaisuwar Sule Mai Shela

Sule mai shela ya daɗe yana yi wa mutanen Yasore sanarwa, har muryarsa ta dushe ta koma kamar ta mai mura. Sai Kamilu mai gyaran waya a kasuwar Batsari ya sa masa wata manhaja ta kyauta, mai ɗaukar murya ta ƙara mata kauri. Sule ya ɗauki sanarwarsa a zaure, ya haɗa wayar da lasifika, ya ɗaure a bayan babur, ya bi gari yana ɗaga wa jama'a hannu.

Shi fa Sule ba ya buɗe baki da labari. Sai ya gaida mai gari, ya gaida liman da na'ibinsa, ya bi dattawa babba kafin ƙarami, ya tambayi gona da iyali, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Haka ya gada, da wannan kuma yake tinƙaho.

Rannan wani makiyayi mai suna Hamma ya zo hankali a tashe. Saniyarsa ta ɓata, ita ce kuwa nononta ke riƙe da gidansa. A wannan yanki, dabbar da ta kwana biyu a daji ba a cika sa rai da ita ba. Sule ya ɗauki cigiya ya fita. Bai san manhajar ta canza hali ba: kyautarta yanzu rabin minti ce, sauran sai an biya. Lasifika ta gaida mai gari, ta gaida liman, tana kan dattijo na uku ta yi shiru. Ga ƙarar babur, ga kunnen Sule ya yi nauyi, bai ji ta yanke ba, haka ya yini yana zagaye. Mutane suna amsawa da "lafiya lau" suna ci gaba da harkarsu.

Washegari ya dira wurin Kamilu ransa a ɓace.

"Baba, kyauta ta ƙare a duniya," in ji Kamilu.

Ya sa masa wata, ita kuma ta cusa tallan maganin basir tsakanin liman da na'ibi. Ta uku ba ta aiki sai da sabis, abin da a Yasore sai an hau tudu ake samu. Biyan ma sai da katin banki, Sule kuwa bai taɓa riƙe shi ba.

"To mi ya rage?" in ji Sule.

"Ka koma wa ta farko, Baba, ka zubar da gaisuwa."

Sule ya dubi Hamma, wanda ya biyo shi bai ko karya ba. Ya karɓi wayar kamar mai shan maɗaci, ya ce: "Saniyar Hamma ta ɓata. Ja ce, ƙahon hagu karyayye." Kunya ta hana shi ɗaga wa kowa hannu ranar. Kafin la'asar wani manomi daga Darini ya aiko cewa tana ɗaure a bayan gidansa.

Hamma ya zo godiya bai tarar da Sule ba. Sule ya ajiye babur tuni, ya fita a ƙasa. Can aka hango shi durƙushe a ƙofar mai gari, yana gaisuwa da dusasshiyar muryarsa, sai da tsohon ya matso da kunne kafin ya ji. Daga nan ya miƙe ya nufi gidan liman.