Harun da Gadar Jirgin Ƙasa

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Hayyus Sabi' a shekarun da muka yi a Alƙahira ya san Harun direba. Dogo ne, siriri, ko gobara ake ba ya ɗaga murya. Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, jikan mutanen da suka fito aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, har yau ba su tashi ba. Hausarsa irin ta kakata ce, sai dai ya barbaɗa mata Larabci. Misirawa suna ce masa Usɗa Harun, wato gwanin direba, mu kuwa Baban Huda muke cewa, saboda 'yarsa ɗaya tal da Allah ya ba shi.

Ni mijina na biyo, yana karatu ina zaman gida. Ƙofarmu tana kallon tasu, kuma matarsa Mahasin ce ta riƙe ni kamar ƙanwarta tun ranar da na sauka. Ita ta koya min yadda zan yi ciniki da masu kayan miya kada su mayar da ni baƙauya.

Harun yana aiki da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a unguwar Dokki. Kamfanin yana da manyan motoci masu bene guda uku, kuma ba kowa ake miƙa wa makullinsu ba. Dokar kamfanin ita ce, mota mai bene tana da hanyoyinta, ba ta sauka daga kansu ko da an kwana a cunkoso, domin garin cike yake da gadoji, wasu ba su da tsawon da za ta shige. Harun ya fi kowa riƙe wannan doka. A garin da kowane direba yake tuƙi kamar an biyo shi, shi a hankali yake tafiya, a yi ta danna masa oda yana murmushi. Mijina yakan tsokane shi, ya ce jakin mai tallan lemo ma yana wuce shi.

Harun ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya wuce. Ni mutane na ɗauko."

Bayan hargitsin 2011 baƙi suka ɗauke ƙafa. Motocin da suka saba ɗaukar Turawa suka koma ɗaukar 'yan biki da 'yan makaranta. Huda ce ta fi kowa jin daɗin haka, don duk ranar da aka sami sarari ubanta yakan tafi da ita, ta haye sama ta zauna a kujerar gaba. Ba ta kai shekara goma ba, ga surutu kamar rediyo, kuma duk unguwa ta san babanta ne ya fi kowa doguwar mota.

Abu ɗaya ne na sani yana mayar da wannan mutum yaro ƙarami, shi ne surukinsa, Alhaji Khalilu. Tsohon ya yi karatu a Alƙahira yana saurayi, sannan ya koma Sudan, shi ya sa yake ganin babu lungun da bai sani ba. Ba mugun mutum ba ne, sai dai bai saba a ce masa a'a ba. Idan ya zo, Harun ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kallon idonsa, ba ya ambaton sunansa, ko a waya ne sai ya rusuna. Mu da muka fito daga Katsina mun ɗauka mun san kunyar surukai, sai da muka ga ta mutanen Mai Wurno. Har dariya nake yi masa, in ce Baban Huda ko numfashi sai ka nemi izini?

A ƙarshen 2013 aka ɗaura auren Bakhita, ƙanwar Mahasin, da wani ɗalibi ɗan Nijar. Alhaji Khalilu ya zo da kansa. Harun ya roƙi mai kamfani aka ba shi motarsa ya kai 'yan biki wurin walima. Lokacin akwai dokar hana fita, ga shingayen sojoji ko'ina, dole a je a dawo da wuri. Mata da yara suka cika sama suna guɗa. Ni ina da tsohon ciki, ba zan iya hawa matakala ba, sai aka zaunar da ni a bayan direba. Alhaji Khalilu yana kujerar da ke gefe. Mahasin tana motar amarya a bayanmu.

Bayan la'asar muka tarar an rufe babban titin da Harun ya saba bi. Motoci sun tsaya cak, rana tana tafiya. Harun ya ce za mu jira.

Tsohon ya ce, "Jiran me? Karya dama, akwai hanya ta ƙarƙashin kobri, gadar jirgin ƙasan nan."

Harun ya sunkuyar da kai. "Baba, ita wannan motar…"

"Na sha bin hanyar nan a bas tun ba a haife ka ba. Kana so amarya ta kwana a titi? Yalla!"

Na ji da kunnena. Na ga yadda hannun Harun ya tsaya a kan sitiyari. Sannan ya ce, "To, Baba," ya karya dama.

Da muka hango gadar ya rage gudu, har na ce a raina zai tsaya. Motocin biki suna bayanmu suna ta oda, sama ana kiɗa da tafi, tsohon yana nuna gaba da carbinsa yana cewa wuce mana, wuce. Ya wuce.

Ƙarar ba ta bar kaina ba har yau. Rufin motar ya naɗe ya koma baya, gilashi ya zubo mana ta matakala, guɗa ta koma kururuwa. Mutane da yawa sun ji rauni, wasu sun karye. Rai ɗaya aka rasa, ita ce wadda ke zaune a kujerar gaba ta sama.

Harun ne ya sauko da ita a hannunsa. Bai yi kuka ba, ya zauna a bakin titi yana gyara mata ɗankwali har 'yan sanda suka zo suka janye shi. Yana tsare aka kai Huda makwancinta.

Da masu bincike suka tambaye shi me ya fitar da shi daga hanyarsa, ya ce sauri yake yi. Suka ce ko wani ya sa shi, ya ce babu. Da mijina ya je ganinsa, saƙo ɗaya ya ba shi ya kawo min: "Ka ce wa Nana Aisha, abin da ta ji ta bar shi a cikinta."

Aka yanke masa ɗaurin watanni, aka ƙwace lasisinsa. Abin bai tsaya a kansa ba. Hukuma ta dakatar da sauran motocin masu bene har sai an bincika, mai kamfani kuwa da ma neman dalili yake, ya jere su a gareji ya sallami direbobin gaba ɗaya. Mutanen da ba su taɓa fasa ko madubi ba suka wayi gari ba aiki. Wani daga cikinsu, Hasan, wanda ya girmi Harun a aikin, ya koma tuƙa tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, a lungunan Giza da furfurarsa. Duk da haka ya zo gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka yana cewa, "Usɗa Harun? Usɗa Harun da ya hana mu bin hanyar nan?"

Tambayar da Mahasin take yi min ke nan kullum. Ina zaune da jaririyata a cinya, ita tana kallon bango.

"Ya san motar, ya san gadar, ya san 'yarsa tana sama. Nana, me ya kai shi?"

Ni kuwa amsar tana bakina kamar garwashi. A ɗakin ciki kuma ga Alhaji Khalilu, ya fasa komawa gida, ya rame, ya daina shiga mutane. Shi yake lallashinta, shi yake sa ta ta ci abinci, shi yake karanta mata Alƙur'ani in kukan ya taso. Wallahi na tsani ganinsa, ban ɓoye ba. In ya gaishe ni, da ƙyar nake amsawa. Kullum ina jira ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, bai buɗe ba.

Da Harun ya fito, Mahasin ta kasa zama ɗaki ɗaya da shi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi. In ya shigo sai ta tashi. Mu ma muka rasa sunan da za mu kira shi, wanda muka saba ya fi ƙarfin bakinmu. Ba a daɗe ba ta ce za ta bi mahaifinta Sudan.

Ranar da na ji, na tare shi a matakala, mijina yana riƙe ni ina fizgewa.

Na ce, "Yaya Harun, yau sai na faɗa mata. Za ka bari ta tafi tana ganin kai kaɗai ka kashe mata 'ya?"

Ya ce, "Wa yake riƙe da sitiyari?"

"Kai ne, amma…"

"Na ga gadar, Nana. Zuciyata ta ce tsaya, bakina ya ce to. Birki a ƙarƙashin ƙafata yake, ba ƙafar Baba ba."

Na ce wannan ba kunya ba ce, zalunci ne yake yi wa kansa.

Sai ya ce, "Ta rasa 'ya. Ni ma in kin duba ta rasa ni, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, don ni na tuƙa. In kika faɗa, wa ya rage mata?"

Na zauna a matakalar na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Shi ya ɗauki kayansu har tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Ya durƙusa ya yi wa surukinsa sallama, tsohon ya ɗora masa hannu a ka. Mahasin ta shiga jirgi ba ta waiwayo ba.

Daga baya Harun ya sami aikin gadin motoci a wani titi a Zamalek. Direban da aka taɓa miƙa wa mota mai bene ya koma tsayawa a rana da tsumma a kafaɗa, yana nuna wa mutane inda za su ajiye motocinsu. Ko an miƙa masa makulli a ce ya gyara tsayuwa, ba ya karɓa.

A 2015 mijina ya gama karatu, muka je yi masa ban kwana. Ya tsufa ƙwarai. Ya ɗauki 'yata ya yi mata wasa kaɗan, ya mayar min da ita da sauri. Sannan ya tambaye ni ko Mahasin tana kira na. Na ce tana kira.

"Yaya take?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce ta fara fita, tana koyar da yara a unguwarsu. Na ce ba ta taɓa tambayarsa ba. Na ce kullum maganarta ɗaya, ba don Baba ba da ta haukace, shi kaɗai ne bai taɓa cutar da ita ba a duniya.

Ya goge fuskarsa da tsumman da yake goge motoci.

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Wata mota ta danna oda a bayanmu, ya ce mu yi haƙuri, ya tafi yana ɗaga mata hannu.