Tagogin Madam Fabrègue

Duk wanda ya ratsa Brénazac, garinmu a kudancin Faransa, da safe zai rantse garin cike yake da mutane. Ƙarya ce, kuma na san mai shirya ta. Sunanta Ginette Fabrègue, shekararta tamanin da ɗaya. Kullum ƙarfe bakwai takan fito da tarin makullai a aljihu, ta bi gidaje biyar da ta gada a Layin Majema, ta buɗe ƙyauren tagoginsu, ta ba furanni ruwa. Da yamma ta koma ta rufe. Ba kowa a cikinsu sai gizo-gizo.

A nan aka haife ta, zamanin da masana'antar safar hannu ke aiki, mutanen gari sun haura dubu biyu. Shekara talatin ta yi tana ɗinki a can. Ta binne miji, ta binne 'yan'uwa da ba su bar baya ba, gidajensu suka faɗo hannunta. Ɗanta ɗaya yana Toulouse, sai Kirsimeti yake leƙowa. Yau mu ɗari huɗu da goma sha biyu ne, har da na kwance a gidan tsofaffi.

Ni Maryse, shekara ashirin da biyu na yi ina dafa wa yaran makarantarmu abincin rana. Bara aka aiko cewa in yara ba su kai goma sha biyar ba, za a rufe ta. Goma sha uku gare mu. Sai ga wani mai gyaran lantarki daga arewa, Yannick Delattre, da matarsa da yara uku, suna neman haya. Sauran gidajen da ba kowa na mutanen Paris ne, masu zuwa hutun Agusta. Saura na Ginette. Magajin gari ya tura ni, wai ni take raga wa.

Na same ta tana goge taga.

"Madam Fabrègue, gida ɗaya kawai. Na kusurwa."

"Wa ke gare su a maƙabartarmu?"

"Wace maƙabarta kuma? Rayayyu na kawo miki!"

"To, ba 'yan nan ba ne. Ke ma, yarinya, daga Rodez aka kawo uwarki, kada ki manta."

Shekarata hamsin da huɗu, wai yarinya.

"Uwata tana kwance kusa da mijinki. Ya taɓa kawo miki ƙara?"

"Da miyarki ta kai bakinki yaji, da yaran nan sun yi ƙiba," in ji ta. "A gidan kusurwa yayana Léonce ya cika. Ba zan ji 'ya'yan wasu suna tsalle a ɗakinsa ba."

"Léonce ya shekara goma sha tara a ƙasa, ba abin da zai ji. Makaranta fa za a rufe!"

"Garin nan ya ga annoba, ya ga yaƙi biyu, bai mutu ba."

"Ai lokacin ana haihuwa!"

Ta juya mini baya ta ci gaba da gugarta. Magajin gari ya je da kansa, limamin coci ma ya je, kowa ta tambaye shi maƙabarta. Mako biyu su Delattre suka yi a tanti bakin rafi, daga nan suka samu gida a garin gaba.

Aka rufe makarantar. Ranar ƙarshe na dafa wa yaran dankali da cuku, na wanke tukwanena, na kife su. Yanzu mota ke kwasarsu kilomita ashirin. Iyali biyu har sun bi motar, ba su dawo ba.

A watan Oktoba ta tare ni wajen motar burodi, don gidan burodin ma ya daɗe da rufewa.

"Maryse, an ce makullin makaranta yana hannunki. Tagogin nan a rufe abin kunya ne, masu wucewa za su ce garin ya mutu. Ba ni, in riƙa buɗewa."

Na dube ta sama da ƙasa. Wallahi da gaske take.

"Ba zan bayar ba," na ce. "A rufe za su zauna."

Makarantar tana daidai ƙofar gidanta. Kullum ta buɗe tagarta, tagogin makarantar take fara gani, guda shida, a garƙame. Makullin yana aljihuna, ko coci da shi nake zuwa.