Ranar da Rina Ta Ci Mu a Kogin Cam

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, 'yarka Philippa ta kira ni ta ce ka cika, Dudley Thackray, kana da shekara saba'in da tara. Na ajiye waya na sha kukana, can kuma na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a kicin. Kai ka ja, domin ba a iya tuna ka da ɗaurarriyar fuska.

Shekara arba'in da ɗaya kana kula da kwale-kwalen tseren kwalejinmu a Cambridge. Kai ke liƙe su idan mun fasa, kai ke tura mu tsakiyar kogi da doguwar sanda kafin a buga igwa. Ga shayinka mai kauri kamar kunu, wanda duk ɗalibin da ya fito yana rawar ɗari sai ya sha, ko yana so ko ba ya so.

Ni ce mai zama a bayan jirgin mata, riƙe da igiyar juya shi, ina yi wa 'yan mata takwas masu filafili tsawa. Kogin ba shi da faɗi, shi ya sa jiragen kwalejoji ke tashi a jere, kowa na bin na gabansa. Wanda aka taɓa daga baya ya faɗi, sai mai riƙe da igiyarsa ya ɗaga hannu, alamar ya sallama. Kwana huɗu ake yi. Wanda aka taɓa duk kwana huɗun, cokalin katako ne ladansa, kuma har tsufa ana goranta masa.

A wata shekara mun sha kashi kwana uku a jere. Rana ta huɗu 'yan matan suka zage damtse. Na baya sun matso amma ba su taɓa mu ba, saura ƙiris mu tsira, sai ga rina ta sauka a kan hancina. Wallahi ban san sa'ad da na ɗaga hannu na kore ta ba! Na baya suka kaure da sowa, alƙalin tsere ya rubuta mun sallama, nawa suka saki filafili.

Mako biyu babu wadda ta ce mini ci kanki a cikinsu, abin ya ci mini rai ƙwarai. Na zo rumfar jirage in mayar da rigata in bar harkar. Kana shafa fenti, ko ɗagowa ba ka yi ba.

"Sai ina, Tsurut?" in ji ka, da laƙabin da ake kirana saboda ƙanƙantata.

"Na daina, Mista Thackray. Da hannuna na kashe su."

"Da hannu ɗaya ma kuwa. Ajiye rigar can, amma ki zo walimar Asabar, in ba haka ba in cinye rabonki."

Na je, na laɓe a ƙarshen tebur. Sai ga ka da cokali mai tsawon mutum, wanda ka sassaƙa daga karyayyen filafili. A jiki ka rubuta sunayen kwalejoji ukun da suka taɓa mu, a gurbin na huɗu ka zana rina, ta sha hular kwalejin masu nasara. Ka gyara murya ka ce, "Jama'a, uku sun ci mu da ƙarfi. Ta huɗun ko ruwa ba ta iya ba."

Kyaftin ɗinmu Gwenda Loxley, wadda ta fi kowa fushi, ta cije leɓe, ta cije, sai dariya ta ƙwace mata har da ƙwarewa. Ta jefe ni da burodi ta ce, "Shashasha, matso nan! Baɗi ɗaure hannuwan za mu yi." Kashegari na tarar da rigata a wanke, a rataye inda take.

Yau shekara ashirin da shida ke nan, mu tara ba mu rabu ba, kuma aikinka ne. Jiya Gwenda ta kira ni. Philippa ta amince su takwas ɗin nan masu filafili su ɗauki akwatin gawarka ranar Juma'a. Gwenda ta ce, "Ke za ki ƙirga mana taku, Tsurut, kin san ba ma iya tafiya tare sai da tsawarki." Na ce to. Ban dai sani ba ko muryar za ta fito.

Allah ya ji ƙanka, Dudley, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ga Philippa da jikokinka da duk wanda ka taɓa turawa kogi, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Rosalind Pettifer