Barkonon Tsinkar Fari

Tun da muka bar gonar nesa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, ɗan filin da ke bayan gidanmu a Yasore ya zama shi ne ci da shanmu. Barkono muke dasawa a cikinsa. Amma kowace shekara sai ya ƙara ƙanƙancewa, 'ya'yan sirara kamar tsinken sakace. In mun kai kasuwar Batsari dillalai su damƙa su watsar, su yi masa tayin wulaƙanci.

Ni na san inda ciwon yake. Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, tsinkar fari yake kwashewa kaf ya sayar, don ita ce manya-manya masu ɗaukar ido. Sai ƙarshen kaka, bayan gona ta gaji, ya tattara 'yan tsiraran da suka rage ya ce ga iri. Haka ya gada. Mu zuba taki, mu yi feshi, bayanmu ya ƙage wurin dashe, duk a kan irin da ba shi da ƙarfi. Abin yana ci mini rai ba kaɗan ba.

"Baba, da mun riƙa ware iri tun a tsinkar fari mana."

"Kai dai ba ka rabo da surutu. Mai kyan za ka ɓoye a ɗaki, ka kai wa mutane shara kasuwa?"

Shekarar da matata take da ciki na biyu na daina gardama. Na bi gonar layi-layi, na ɗaura tsumma a jikin waɗanda suka fi ƙarfi, na hana kowa taɓa su. Da suka nuna na tsinke da hannuna, na shanya su daban, ina faman korar kaji. Baba ya ga buhun kasuwa bai cika ba, ya ɗaure mini fuska, na jure. Na zuba su a tulu, na toshe bakinsa, na tura ƙarƙashin gadon Inna inda babu danshi. Ban gaya wa kowa ko na mene ne ba, gudun kada labari ya kai kunnen Baba ya ɗora su a babur.

Sai ga haihuwa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Babban Duhu don hidimar jego. Na dawo daga rabon goron suna, tun daga zaure nake jin luguden taɓarya, mata suna atishawa suna dariya. Ina shiga na ga tuluna a kife gefen turmi.

"Gwaggo, wane barkono kuka daka?"

"Na cikin tulun mana. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ban taɓa ganin namijin da ya yi wa mai jego tanadi irin wannan ba. Na buhun nan ai ba ya yajin kirki."

Ga matata zaune a bakin ƙofa da jariri, tana kallona cike da jin daɗi. Me zan ce? Na ce, "Amin, Gwaggo."

Ranar suna kowa sai yabon yajin yake yi. Baba ya dangwala nama a ciki, ya tauna, ya dube ni.

"Ka ji ko? Barkonon gidan nan babu abin da ya same shi."

Da damina ta matso, ya kwance ƙullin tsinkar ƙarshe ya miƙo mini, ya ce in je in zuba renon irin dashe.