Ramar da Na Shuka wa Kaka a Ɗakin Tukwane

Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, domin Kakata tana nan da ranta, kuma akwai abin da har yau ba ta sani ba.

Shekarata goma sha shida lokacin da abin ya faru. A Makka aka haife ni, a unguwar Zahir na tashi, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausar ma a bakin Kaka na tsince ta. Ni ne yaron da idan gilashi ya fashe a layinmu ba a tsayawa bincike, kai tsaye gidanmu ake nufowa. Game da noma kuwa, ga iyakar ilimina: akwai wani fure a ƙofar falon mai gidanmu da na daɗe ina ba shi ruwa a ɓoye don a yaba mini, har ruwa ya ruɓar da kafet, sannan aka gaya mini na roba ne. Wannan shi ne manomin da ya tashi shuka wiwi a cikin ɗaki.

Mu huɗu ne a gida: Kaka, Umma, ni da ƙanwata. Babana ya rasu ina ƙarami. Babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Kaka ta zo aikin Hajji da Umma, lokacin Umma tana budurwa, suka zauna, shi ke nan. Gidan da muke ciki na wani dattijo ne da muke kira Ammi, jikan Hausawa amma ɗan ƙasa ne mai takardu, mahaifinsa aminin kakana ne. Ya ba mu ɗakunan baya, bai taɓa tambayarmu takarda ba, kuma duk ranar da askarawa, 'yan sandan ƙasar, suka shigo layi, shi ke fita ƙofa da katinsa ya ce gidansa ne, iyalinsa ne a ciki. Doka ɗaya ce a gidanmu, Umma takan maimaita ta kullum: kada wanda ya yi abin da zai jawo askar ƙofa. Domin idan suka shigo, ba mutum ɗaya za su ɗauka ba. Duka za a kwashe mu zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi, a sauke ni a ƙasar da ban san ko hanyar masallacinta ba, a sauke Kaka a garin da duk wanda ta sani ya mutu.

A Mina na samo bala'in. Lokacin Hajjin da ya gabata na shiga cikin samarin da ke tura tsofaffin alhazai a keken guragu. Akwai wani babban yaro a cikinmu da ya mayar da ni abin dariya, wai ni ɗan Umma ne, ko ruwan rake zan sha sai na kira gida na nemi izini. Ni kuma bakina ba ya hutawa. Na ce masa ni da yake gani babu abin da nake tsoro a Makka, har da abin da shi yake tsoro. Ranar da za mu watse ya danƙa mini 'yan ƙwayoyi a naɗe cikin takardar biskit, ya ce irin wiwi ne, idan na cika namiji in nuna masa hoton ganye kafin wani Hajjin. Wallahi ban taɓa shan ko sigari ba, kuma ban yi tunanin sayarwa ba. Hoto kawai nake so, in nuna, a daina ce mini ɗan Umma.

Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin matakala, muna kiransa ɗakin tukwane. Nan Umma ke ajiye manyan tukwanen da take dafa tuwo da miya ta sayar wa alhazanmu, kuma ba a buɗe shi sai alhazai sun fara sauka. Na jima da takardar biskit ɗin a cikin safa ina jin tsoronta, sai da watannin Hajji suka fara matsowa na tuna alkawarina. Na tara gwangwanayen madara, na sato ƙasa daga shukar bakin wani kanti, na rataya ƙwan lantarki, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargo. Ranar da na ga koren abu ya leƙo, na yi rawa a cikin ɗakin har na buga kaina da murfin tukunya. Amma murnar ba ta daɗe ba. Tun daga ranar, duk jiniyar da ta wuce sai in ji tawa ce. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko mai kawo gas ne, sai in ɗauka askarawa ne. Na rame har Umma ta fara dafa mini maganin tsutsa. Su kuma tsirran suka miƙe dogaye, sirara, marasa ƙarfi, kamar ni. Daga baya wani wari ya fara fitowa, na dinga ƙona turaren wuta a matakala har ƙanwata ta tambaye ni ko aure zan yi.

Kaka ce ta kama ni. Idonta ya yi yana, ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta sun fi na kowa. Wata rana da hantsi ta lallaɓo neman tsohuwar muciyarta, ta tarar da ni durƙushe da buta. Ta tambaye ni, cikin wasan jika da kaka, wai maigidan nata me yake ɓoye mata, ko kishiya ya ajiye. Kafin in tare ta, ta miƙa hannu ta shafa ganye, tana bin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, ba dai rama ba ce? Ni ban taɓa ganin rama ɗanya ba, busasshiyarta kawai na sani da alhazai ke kawowa a leda. Amma na ga ƙofar tsira, na faɗa. Na ce eh, rama ce, na shuka mata ne don ta ci kwaɗo irin na gida, so na yi in ba ta mamaki. Kaka ta zauna a kan tukunya ta yi kuka. Ta ce rabonta da taɓa ɗanyen ganyen rama tun tana bayan gidan mahaifinta. Ta sa mini albarka har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta kai ganye baki za ta ɗanɗana, na riƙe hannunta na ce na fesa maganin ƙwari. Da ta ce warin bai yi mata kama da na rama ba, sai ta ba kanta amsa, wai komai na Makka daban yake, ko albasarsu ba ta sa hawaye kamar ta gida.

Na roƙe ta ta rufa mini asiri har ganye ya ƙosa. Ta yi alkawari, kuma ta cika shi har zuwa sallar la'asar. Kafin magariba Umma ta sani. Allah ya taimake ni tana fama da shirin kasuwa, ta leƙa daga bakin ƙofa kawai, ta ce ashe dai ina da amfani, amma in kwashe mata gwangwanaye kafin ta buƙaci tukwanenta. Washegari matan layinmu suka sani. Kaka ta zauna a tabarma tana ba da labari kamar jikanta ya gina asibiti. Wannan ta ce a ajiye mata ko ƙulli ɗaya, waccan ta ce alhazai za su yi rububin kwaɗon ɗanyar rama, a bar mata ta sayar. Abin da na ɓoye wa inuwata ya zama labarin unguwa. Mafi muni, Kaka ta karɓe makullin ɗakin ta ɗaure a bakin zaninta, wai ni yaro ne, zan kashe mata shuka da wasa. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa. Ran nan na same ta tana tsiyaya musu ragowar zamzam ɗinta tana addu'a. Ban iya cin abinci ba ranar.

Cikin matan akwai wata 'yar Nijar mai sayar da turare, wadda ta zaga duniya. Kaka ta ja ta har ɗakin. Matar ta tsaya a bakin ƙofa, ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dube ni. Ta ce wa Kaka ma sha Allah, rama ta yi kyau. Da na rako ta waje ta kama kunnena ta murɗa har na ga taurari da rana tsaka. Ta ce ɗan nema, ka san abin da ake yi wa mai wannan a ƙasar nan? Ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, kuma ƙafarta ba za ta sake taka gidanmu ba, amma in tuna ba kowace mace ce za ta yi shiru ba. Na rantse mata zan tuge su a ranar. Amma makulli yana ƙugun Kaka, tana kwana da shi, tana salla da shi. In sace, ta yi kururuwa. In faɗa mata gaskiya, in kashe ta da baƙin ciki. Kullum sai in ce gobe.

Ana cikin haka alhazai suka fara sauka, aka fara bin gidaje ana neman waɗanda suka shigo ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji. Wata rana bayan azahar Ammi ya shigo da sauri, ya ce motocin askarawa suna layin baya, kowa ya shige ɗaki ya yi shiru, kamar yadda muka saba. Sai Kaka, wadda ba ta san gaggawa ba, ta riƙe masa hannun riga, wai ɗan aminin mijinta ba zai fita ba sai ya ga abin da jikanta ya yi mata. Na ce Kaka a bari sai anjima. Ta ce in rufe mata baki. Na tsaya ina kallo tana kwance makulli daga bakin zani. Ƙofa ta buɗe, haske da wari suka fito tare. Ammi ya dubi gwangwanayen. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba. Sannan ya sassauta murya ya ce wa Kaka, Hajiya, rama ta yi kyau, amma zafi ya kama ta, ta kamu da cuta, idan ba a cire ba za ta lalata tukwanen abinci. Ya sa ƙanwata ta kai Kaka ɗaki. Ya juyo gare ni da Larabci, a hankali, ya ce in tuge, in yayyage, in zuba a masai, kada in bar ko ganye ɗaya, kuma idan na yi ƙara zai karya ni da hannunsa.

Ina durƙushe a banɗaki ina yayyaga ganye aka buga ƙofar gida. Na ji takun Ammi, na ji ya buɗe, na ji muryoyi. Umma tana tsaye a bayana, ta toshe bakinta da mayafi, ta riga ta gane. Warin ya cika gidan, ni dai a hancina har Jidda ana jin sa. Na ji wani yana tambaya ko akwai baƙi a ciki. Na ji Ammi yana cewa gidansa ne, iyalinsa ne, mata ne a ciki, ga katinsa. Na ci gaba da zuba ganye a masai. Ban san tsawon lokacin da suka yi a ƙofa ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Sannan aka yi sallama, ƙofa ta rufu.

Ammi bai dake ni ba. Ya zauna a matakala ya kira Umma. Ya ce tun zamanin mahaifinsa yake tsayawa a ƙofar nan saboda mu, bai taɓa jin nauyi ba, domin ya san abin da yake karewa. Yau ya tsaya ya sa sunansa da na 'ya'yansa a kan abin da zai iya kai shi kurkuku, a cikin gidansa, bai sani ba. Ya ce ba zai faɗa wa kowa ba, amma idan alhazai suka watse mu nemi wani wuri. Umma ta durƙusa tana ba shi haƙuri, ya kawar da kai yana share ido. Ita ma ba ta dake ni ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta wanke tukwanenta, ta yi kasuwarta, ta daɗe ba ta kira sunana ba.

Abin da na koya shi ne, yaro irina ba shi da laifin da yake nasa shi kaɗai. Na ɗauka da kaina nake wasa, ashe da rufin asirin mutum huɗu nake wasa, da mutuncin dattijon da bai taɓa cutar da mu ba. Kuma ƙaryar da na yi don in tsira ita ce ta ɗaure ni, saboda na yi ta ga mai ƙaunata. Ina jan kunnen samari 'yan'uwana, musamman mu da ke zaune a nan ba takarda: idan wani ya ce ka nuna kai namiji ne, ka bar shi ya kira ka ɗan Umma. Sunan ba ya korar kowa daga gida.

Ko hoton ban ɗauka ba, kuma yaron Mina ban sake ganinsa ba. Yanzu muna zaune a ɗaki ɗaya can bayan gari, wurin wani mai gida da ba ya fita ƙofa saboda kowa. Idan mota ta tsaya a layi, mu kashe fitila mu jira. Kaka ta ɗauka gyaran gida Ammi zai yi. Har yau takan shafa kaina ta ce zafin Makka ne ya kashe mata rama, in sake gwadawa idan sanyi ya shigo.