Gwaggo Asibi Ta Hana Kwara Kasonta

Ni dai Mamuda, daga aji huɗu na tsere wa makarantar Yelwa, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya kai ƙara wurin bulalar hedimasta. Labarin Gwaggo Asibi zan bayar, yayar babana, mai bandar kifi a gungunmu, tsibirin da ke ƙarƙashin tafkin Kainji yanzu. Gajera ce, hayaƙin banda ya rina mata ido, kuma muryarta kan riga kwalekwalenta isa gaɓa.

Ana cikin ginin dam jikarta Dudu ta fara kumburin muƙamuƙi. Haƙora suka yi lako-lako, ko kunu sai da dabara. A garinmu yaron da ya yi wannan kumburi ɓoye shi ake yi a ɗaki har Allah ya karɓi abinsa.

Sai ga Dakta Zaidu, sabon likita, siriri kamar gorar tuƙi. Wata ƙungiyar taimako ta Ikko ce ta ɗauki nauyinsa ya bi garuruwan bakin kogin Kwara yana binciken ciwon. Ya ce ciwon daji ne, kuma ya lura ya fi kama yaran da ke kwana cikin sauro. Iyaye suka rufe ƙofa. Gwaggo ta goyo Dudu ta dire masa.

Allurar farko ta rage kumburin. Kafin lokacin ta biyu ƙungiyar ta ce wa'adinsa ya cika, babu man jirgi, babu magani daga Zariya. Na tarar da shi yana ɗaure kaya.

"Likita, kai ma ɗan gudun makaranta ne?" na tambaye shi.

Bai yi dariya ba. Ya ce idan aka tsaya a nan, kumburin zai dawo ya fi da.

To muna da al'ada: duk jirgin da ya dawo daga kamun kifi, kifin da ya fara kamawa a mayar wa ruwa, kasonsa ke nan. Washegari Gwaggo ta shiga ruwa har gwiwa da kwando, ta tare jirgin farko ta cafe giwan ruwa tun bai faɗa ba.

Sarkin Ruwa Arzika ya taso yana kaɗa sanda. "Ke Asibi, mi kika yi haka? Kason Kwara kika taɓa?"

"Ranka shi daɗe, ruwan ga da za shi cinye muna gidaje da kabarin iyaye, shi za mu ƙara wa kifi? Ya ƙoshi."

"In ya yi fushi fa?"

"Shi zo bandata, ina nan."

Ni kuwa na ce a ba Kwara haƙuri, ta ci bulon dam ɗin Turawa tukuna. Na sha sanda a ƙeya.

Wasu masunta suka riƙa kewaye ta suna jefa nasu a ɓoye. Wasu, musamman masu yara a ɗaki, suka fara sa mata a kwando ba tare da sun dube ta ba. Ta banda, ta kai kasuwar Yelwa, abin da ya fito ya tafi ga mai da magani. Dakta ya kwance kayansa. Yara uku suka fito daga ɓoye. Ɗaya ya makara, Allah ya jiƙansa, kuma daga nan Dakta ya ƙara tabbatar da cewa a kawo su da wuri shi ne rabin maganin.

Ranar da aka kwashe mu zuwa sabon gari kusa da Wara, ruwa ya riga ya shiga bandar Gwaggo. Arzika ya nuna mata da sanda.

"Kin gani? Ya karɓi kasonsa."

Gwaggo ta waiwaya. Dudu na bakin jirgi tana ƙwaƙular kan tarwaɗa da haƙoranta.

"Shi riƙe," ta ce. "Mamuda, ja gora."