Karen da Na Yi wa Haushi

Shekarar da nake gadin wata istiraha a hanyar Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, wato gidan shaƙatawa da kafilina, Balaraben da ya ɗauke ni aiki, ke tara abokansa da yamma, aka yi mana satar tulun gas. Washegari ya sauke mini wani jan kare mai karyayyen kunne daga bayan mota. Ya karɓo shi ne daga gidan da ake tara karnukan titi, wai na gwaji: in ya yi, a riƙe, in bai yi ba, a mayar.

"Ya sadik," in ji shi, wato aboki, "Babana ya ce ba a ajiye kare sai don gadi. In bai yi haushi ba, halas, shi ke nan, ya koma."

Na ce, "To, ya ammi," wato baffa.

Karen nan kuwa ko tari ba ya yi. Mai kawo ruwa ya shigo, ya bi shi da kaɗa wutsiya. Kyanwa ta ci abincinsa, ya matsa mata. Aikinsa ɗaya: ya kwanta a ƙofar ɗakina inda sanyin na'ura ke zubowa, ya zuba mini ido ina cin shinkafa. Ni da na shekara ina hira da bango, sai ga mai saurare. Na ba shi labarin Damagaram kaf, har da rigimar gonarmu, bai taɓa katse ni ba. Wallahi na so karen nan.

Da na ga kafili ya fara girgiza kai, sai na yanke shawara. Na tashi cikin karnukan ƙauye, na san muryoyinsu. Bayan Magariba, da motocin baƙi sun fara tsayawa, sai in zagaya bayan tankin ruwa da karen, in cusa kaina cikin bokiti don muryar ta yi kauri, in saki haushi. Shi kuma yana zaune gefe yana kallona kamar mai duba aikin leburansa.

Kafili ya yi murna, har ƙashin rago ya aiko masa. Yabo ya shiga kaina. Na ƙara da gurnani, na ƙaro kukan nan mai ja da karnuka ke yi wa wata. Kai, na ƙware.

Ashe a istirahar da ke jikin katangarmu akwai wani dattijo mai ciwon kai. Ya kai ƙara wurin mahaifin kafili. Ranar Alhamis kafili ya miƙo mini makullin mota.

"Ka mayar da shi. Haushinsa ya yi yawa."

Na karɓi makullin. Yaya zan ce wa mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa ni ne karen?

A gidan karnukan wata mata ce ta karɓe mu. Da na faɗi dalilin mayarwa, sai ta dafe ƙirji. Ta ce tun da aka tsince shi ba a taɓa jin muryarsa ba, har sun fid da rai.

"Ma sha Allah, ya warke! Me kuka yi masa?"

Na ce kulawa ce kawai. Muryata a dishe ta fito.

Ta sa shi a keji ta ja ƙofa. Na tsaya ina roƙon Allah ya yi haushi ko sau ɗaya, ko don in ji ba ƙarya aka yi masa ba. Ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana jira in fara.